Ilimin Halayyar Ɗan Adam a Kwalejin Faffaɗan Ilimi: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Gabatarwa

A kowace shekara jami'o'i da kwalejojin Amurka suna yaye ɗalibai fiye da 100,000 da digirin farko a ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji, abin da ya sanya shi cikin fannonin da ɗalibai suka fi rububi a ƙasar. Kaɗan ne daga cikin waɗannan ɗalibai suke ƙarewa da duba marasa lafiya. Dokokin yawancin jihohin ƙasar ba sa barin mutum ya kira kansa ƙwararren masanin halayya sai ya yi digiri na uku, ya yi aiki na tsawon lokaci a ƙarƙashin kulawar wanda ya riga shi, sannan ya ci jarrabawar samun lasisi. Ko mai ba da shawara ma sai da digiri na biyu. Idan haka ne, me ɗalibi ya tsira da shi bayan shekara huɗu?

Matsayar wannan muƙala ita ce, darajar digirin farko a wannan fanni ta rataya ne a kan abin da ɗalibi ya karanta tare da shi. Ilimin halayya fanni ne da yake rayuwa da aro daga maƙwabtansa, kuma wurin da aka fi gane hakan shi ne ƙananan kwalejojin Amurka da ake kira libaral ats, waɗanda za a kira kwalejojin faffaɗan ilimi a nan. Tsarinsu yana da aibu, kuma za a zo kansa. Duk da haka akwai abin ɗauka a cikinsa, musamman ga sassan nazarin harshe da al'ada irin na Hausa.

Yadda Tsarin Yake

Sunan waɗannan kwalejoji ya samo asali daga fannoni bakwai da makarantun Turai na dauri suka ɗauka a matsayin ilimin da ya dace da ɗa mai 'yanci: nahawu, manɗiƙi, balaga, lissafi, handasa, kiɗa da falaki. Wanda ya yi karatun zaure ba zai ji ukun farko baƙi a kunnensa ba. Amurka ta gaji wannan tunani ta gina makarantu a kansa, irin su Williams da aka kafa a 1793 da Amherst a 1821, duka a jihar Massachusetts, da Swarthmore a 1864 kusa da birnin Filadelfiya. Yawancin fitattu daga cikinsu suna da ɗalibai tsakanin 1,500 zuwa 2,500, kusan dukkansu masu neman digirin farko, kuma suna kwana a cikin makaranta.

Abu biyu ne suka bambanta su da tsarin da aka saba da shi a Nijeriya. Na farko, ɗalibi yana shiga ne ba tare da an ɗaure shi da fanni ba. Sai a ƙarshen shekararsa ta biyu yake bayyana wanda zai ƙware a kai. Na biyu, fannin ƙwarewar ba ya cinye karatun gaba ɗaya. A makarantu da dama ɗalibi yana yin kwasa-kwasai 32 a cikin shekara huɗu, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne na fanninsa. Swarthmore ma ta mayar da abin doka: dole 20 daga cikin 32 su fito daga wajen sashen da ɗalibi ya zaɓa.

Ɗalibin ilimin halayya a irin wannan wuri yakan fara da kwas na share fage, ya wuce zuwa ƙididdiga da dabarun bincike, sannan ya zaɓi rassa kamar aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, yadda ake koyo da tuna abu, tasowar yaro, zamantakewa da larurorin hankali. A shekarar ƙarshe yakan rubuta kundi ko ya shiga ƙaramin aji na ƙara wa juna sani. Da yake babu ɗaliban digiri na uku da za su tare gaba, ɗalibin digirin farko shi ne mai taimaka wa malami a ɗakin gwaje-gwaje. Shi yake tsara gwajin, ya tattara bayanai, ya ga da idonsa yadda hasashe mai daɗin ji yake rushewa idan alƙaluma suka ƙi goyon bayansa.

Fannin da Aka Haifa a Gidan Maƙwabta

Tarihin fannin kansa hujja ce ga wannan tsari. Wilhelm Wundt, wanda ya buɗe ɗakin gwaje-gwajen ilimin halayya na farko a Leipzig ta ƙasar Jamus a 1879, likitanci ya karanta, kuma kujerar falsafa yake riƙe da ita. William James na Jami'ar Harvard, wanda babban littafinsa na 1890 ya aza harsashin fannin a Amurka, shi ma daga likitanci ya gangaro zuwa falsafa.

Mary Whiton Calkins ta karanta adabin Girka da Rum da falsafa a Kwalejin Smith, ta fara aiki a Wellesley a matsayin malamar harshen Girka. Da kwalejin ta so a fara koyar da sabon fannin, ita aka tura ta koyo. Ta yi karatu a hannun James, ta cika sharuɗɗan digiri na uku, Harvard ta hana ta takardar saboda mace ce. Hakan bai hana ta buɗe ɗakin gwaje-gwaje a Wellesley a 1891 ba, kuma a 1905 ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana halayya ta Amurka. A 1918 ƙungiyar masana falsafa ta ƙasar ma ta ba ta shugabanci. B. F. Skinner kuwa adabin Ingilishi ya karanta a Kwalejin Hamilton, ya gama a 1926 da burin zama marubuci, kafin ya karkata zuwa nazarin ɗabi'a. Waɗanda suka gina fannin sun shigo shi ne da guzurin da suka ɗebo a wasu gidaje, kuma yana da wuya a ce wannan guzuri bai dace da ɗalibin yau ba.

Gwaji Ɗaya, Karatu Iri-iri

Amfanin faɗin karatu ya fi fitowa idan aka ɗauki misali guda. A shekarun 1950 Solomon Asch, malami a Swarthmore, ya yi wani gwaji da kusan kowane ɗalibin fannin yake haɗuwa da shi. Ana zaunar da samari bakwai zuwa tara, a nuna musu layi ɗaya a kan kati, a ce su faɗi wanda ya yi daidai da shi a tsawo daga cikin wasu layuka uku. Amsar a fili take. Sai dai duk mazauna ɗakin, ban da mutum ɗaya, an riga an haɗa baki da su su faɗi amsar kuskure a zagaye 12 daga cikin 18. Sakamakon ya nuna kimanin kashi 37 cikin 100 na amsoshin waɗanda ake gwadawa sun bi kuskuren jama'a, kuma kusan uku cikin kowane mutum huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya. Waɗanda aka gwada su kaɗai ba tare da matsin kowa ba, kuskurensu bai kai kashi 1 ba.

Ɗalibin da saikoloji kaɗai ya sani zai haddace cewa mutane suna bin yawa, ya rubuta a jarrabawa, ya wuce. Wanda ya zauna ajin ƙididdiga zai lura cewa kusan kashi biyu cikin uku na amsoshin sun tsaya a kan gaskiya, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na samarin ba su taɓa bin jama'a ba ko sau ɗaya. Wanda ya karanta tarihi zai tuna cewa an yi gwajin ne a lokacin farautar 'yan kwaminisanci a Amurka, lokacin da fita daban yake da tsada. Zai kuma fahimci dalilin da ya sa Rod Bond da Peter Smith, da suka tattara gwaje-gwaje 133 daga ƙasashe 17 a 1996, suka ga bin jama'a ya ragu a Amurka tun daga wancan zamani, kuma ya fi yawa a al'ummomin da suke fifita jama'a a kan mutum ɗaya.

Wanda ya yi nazarin al'ada kuma zai tambayi ma'anar bin. Asch da kansa ya tattauna da samarin bayan gwaji, wasunsu suka ce sun san jama'a ta yi kuskure, ba sa son su fita zakka ne kawai. Bahaushe yana da kalmomi ga irin wannan hali, wato kara da kawaici. Matashin da ya yi shiru a gaban manya yana sane da cewa sun yi kuskure, idonsa bai yaudare shi ba. Ya auna gaskiyar layi da mutuncin zama ne, ya ga na biyun ya fi nauyi a wannan zama. Ko wannan rauni ne ko ladabi, tambaya ce da ɗakin gwaji ba zai amsa ta shi kaɗai ba, domin ta shiga gonar falsafar ɗabi'a.

Shakka a Matsayin Horo

A 2015 mujallar Science ta buga rahoton wani aiki da masana 270 suka yi a ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek na Jami'ar Virginia. Sun sake gudanar da bincike 100 da aka buga a manyan mujallun fannin guda uku a 2008. A asali, 97 daga cikinsu sun ba da sakamako mai ƙarfi a ma'aunin ƙididdiga. Da aka sake su, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka yi hakan, kuma girman tasirin ya ragu da kusan rabi. Wannan ya girgiza fannin, ya kuma nuna cewa ɗalibin da aka horar a kan hadda zai iya fita da tarin abubuwan da ba su tabbata ba.

Matsala ta biyu ita ce wane ne ɗan Adam ɗin da ake nazari. Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallu shida na fannin a 2008, ya ga kashi 68 cikin 100 na rukunonin mutanen da aka yi bincike a kansu daga Amurka suke. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa suka nuna cewa kashi 96 sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu, waɗanda kashi 12 ne kawai na al'ummar duniya. Da yawa daga cikin waɗanda ake gwadawa kuma ɗaliban jami'a ne masu karanta fannin.

Gwajin alewa na Walter Mischel ya haɗa matsalolin biyu. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford, ana ajiye wa yaro alewa ɗaya a ce idan ya jira za a ba shi biyu. Daga baya aka ruwaito cewa yaran da suka fi jira sun fi cin jarrabawa da suka girma, labarin ya bazu duniya a matsayin sirrin nasara. A 2018 Tyler Watts da abokansa suka bi sawun yara fiye da 900 daga gidaje mabambanta, suka ga alaƙar ta yi rauni ƙwarai da zarar an yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito. Shekara ɗaya kafin nan, Bettina Lamm da abokan aikinta sun gwada yara 'yan shekara huɗu a Jamus da kuma 'ya'yan manoman Nso na arewa maso yammacin Kamaru, inda fanke ya maye gurbin alewa. Kusan kashi 70 na yaran Nso suka jira minti goma cif, yaran Jamus kuwa ba su kai kashi 30 ba. Haƙurin yaro, ashe, yana da alaƙa da tarbiyya da tattalin arzikin gida, kuma fassara shi tana buƙatar wanda ya leƙa ajin nazarin al'umma.

Abin da Masu Suka Suke Cewa

Suka ta farko ita ce tsada. Kuɗin makaranta da masauki da abinci a fitattun kwalejojin nan ya haura dala 80,000 a shekara. Gaskiya ne masu arzikin cikinsu suna ba da tallafi mai kauri, kuma Amherst tana cikin 'yan ƙalilan da ba sa duba aljihun ɗalibin ƙasar waje kafin su ɗauke shi. Amma kujerun kaɗan ne, kuma ƙananan kwalejoji marasa dukiyar ajiya da dama sun rufe ko sun haɗe da wasu a 'yan shekarun nan. Wannan suka tana da ƙarfi, sai dai ta faɗa ne a kan farashi. Barin ɗalibi ya ɗauki kwas a sashen da ke maƙwabtaka da nasa ba ya buƙatar sabon gini.

Suka ta biyu ita ce taɓa-ka-lashe. A Ingila ɗalibi yakan yi shekara uku yana karanta saikoloji kusan zalla, ya fita da zurfin da takwaransa na Amurka bai samu ba a kwasa-kwasai goma ko sha biyu. Ƙaramin sashe mai malamai kaɗan kuma ba zai iya rufe dukkan rassan fannin ba, kuma da wuya ya mallaki manyan na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Amsar ita ce, a wannan fanni ƙwarewar aiki tana zuwa ne a digiri na gaba ko ta wace hanya aka bi. Abin da ake nema a matakin farko shi ne wanda zai iya karanta bincike ya gane inda ya yi rauni, ya kuma rubuta hujjarsa a fayyace. Alƙaluman hukumar kimiyya ta Amurka sun daɗe suna nuna cewa idan aka auna da yawan ɗalibai, kwalejoji irin su Swarthmore, Reed da Carleton suna sahun gaba wajen yaye waɗanda suke kaiwa ga digiri na uku.

Suka ta uku ta fi sauran nauyi: faɗi ba ya zuwa da kansa. Ɗalibi zai iya tsintar kwasa-kwasai masu sauƙi daga nan da can, ya fita da tarkace marasa alaƙa. Tsarin yana aiki ne inda akwai malami mai ba da shawara da ya san ɗalibin, ya ce masa idan tasowar yaro yake so, to ya haɗa da ilimin harsuna da ƙididdiga mai zurfi. Idan babu wannan jagoranci, masu sukar sun yi gaskiya.

Inda Zancen Ya Shafi Ƙasar Hausa

Tsarin ba baƙo ba ne gaba ɗaya a Afirka ta Yamma. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da haɗin gwiwar Jami'ar Jihar Michigan, ita ta shigo da darussan bai-ɗaya da kowane ɗalibi yake ɗauka, kuma a can aka buɗe sashen ilimin halayya na farko a ƙasar a 1964. Patrick Awuah, tsohon ɗalibin Swarthmore, ya kafa Jami'ar Ashesi a Gana a 2002 bisa wannan tunani, Jami'ar Amurka da ke Yola kuma ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005. Amma a yawancin jami'o'in gwamnati, ɗalibi yana zaɓar fanninsa ne tun ranar cike takardar JAMB, kuma darussan bai-ɗaya sukan zama taron ɗaruruwa a babban zaure, ana yin su don a sauke nauyi.

Buƙatar masana halayya kuwa a bayyane take. Rikicin arewa maso gabas da satar mutane a arewa maso yamma sun bar raunuka a zukata. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya a shekarar da ta gabaci binciken na 2018. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Waɗanda za su yi aikin nan a asibitocin Kware, Barnawa da Maiduguri da Hausa za su yi magana da yawancin majinyata.

A nan ne sashen Hausa ya shigo. Takardun tambayoyin da ake auna larurorin hankali da su yawanci da Ingilishi aka rubuta su, kuma mai fassara yakan jefa kalmar damuwa a wurare da yawa. Alhali damuwa daban, ƙunci daban, zullumi daban, fargaba da baƙin ciki ma kowanne da muhallinsa. Idan fassara ta cakuɗa su, alƙaluman da za su fito sun gurɓata tun daga tushe. Masanin ma'ana ne zai raba su. A ɗaya ɓangaren, sassan Hausa sun tara kundaye masu yawa a kan tarbiyya, camfi, bori da magungunan gargajiya, mafi yawansu bayani ne ba tare da awo ba. Tun 1974 Anthony Kirk-Greene ya fitar da siffofin mutumin kirki, irin su amana, kunya, haƙuri da mutunci. Yaushe yaro yake fara fahimtar kunya? Ta yaya take canzawa tsakanin ƙauye da birni? Waɗannan tambayoyi ne da dabarun ilimin halayya za su iya aunawa.

Akwai magabata a wannan hanya. Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954, inda majinyata suke zama cikin jama'a tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Malik Badri na Sudan ya gargaɗi masana halayya Musulmi a 1979 a kan kwafo ra'ayoyin Yamma ido rufe, daga baya ya fito wa masu karatun zamani da aikin Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, wanda ya yi bayanin tsoro, fushi, baƙin ciki da waswasi. Dukkansu sun ƙetare katangar fanninsu kafin su yi abin da ake tuna su da shi.

Kammalawa

Sabon tsarin manhaja da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Wannan gurbi ya isa a sa ɗalibin ilimin halayya ya yi kwas a nazarin ma'ana da al'adun Hausawa, ɗalibin Hausa kuma ya yi kwas a ƙididdiga da dabarun bincike, a kuma ba da damar malamai biyu daga sassa biyu su duba kundi ɗaya. Majalisun jami'o'i ne suke da ikon yin hakan, kuma ba sai sun jira kuɗi daga ko'ina ba.

Bahaushe ya ce hali zanen dutse, ya kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanne ne gaskiya, a wane hali, kuma a wane shekaru? Ɗalibin da zai amsa wannan yana buƙatar sanin harshen da aka yi karin maganar da shi, da kuma sanin yadda ake gwada magana a ga ko ta tsaya. Jami'ar da ta raba waɗannan biyun a gine-gine daban-daban, ta hana ɗalibi zirga-zirga tsakaninsu, ita ta hana kanta amsar.